Sadakar Arba'in a Jan Kwali

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a garin Klaten, idan aka yi mutuwa, kafin a gama haƙa kabari an riga an aika gidan Bu Warsini (a wurinmu Bu kamar a ce Mama ne). Ba malama ba ce, ba kuma mai wankan gawa ba. Kaza take dafawa. Shekara talatin da ɗoriya babu sadakar bakwai ko ta arba'in da aka yi a layinmu ba da tukunyarta ba. Ni katanga ɗaya ta raba mu, kuma na fi shekara ashirin ina ɓare mata tafarnuwa.

Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya. Kazar gida kaɗai take taɓawa, wadda ta yi yawo ta tsinci abincinta da kanta. Tun hantsi take ɗora ta cikin ruwan kwakwa da gangamau da citta, wuta kaɗan kaɗan, sai la'asar ta soya. Duk wadda ta tura itace don a yi sauri, sai ta ji ludayi a bayan hannu.

"Mbak, mamacin dai ba guduwa zai yi ba," haka take ce mini, Mbak ɗin kamar a ce 'yar'uwa ne. "Ke ina za ki?"

Bayan magariba maza ke zama a tabarma, liman ya ja Yasin da hailala da addu'a, abin ya kai awa guda. A tsakiyarsu ana ajiye zakara dafaffe, da kansa da ƙafafunsa, a kan ganyen ayaba. Idan an shafa, liman ya yayyaga shi da hannu kowa ya taɓa, sannan kowane mutum ya tafi gida da ɗan kwandon gora na shinkafa da kaza. Kazar Bu Warsini ko ta kwana tana nan da daɗinta, don haka babu mai duba agogo.

Mijinta, Pak Sugiman, wato Malam Sugiman, shi ke sauke sandar da ke tare motoci idan jirgi zai wuce. Mutum ne shiru-shiru. Ɗansu ɗaya, Haryanto, da kuɗin kaza aka yi masa karatu, ya samu aikin ofis a Jakarta.

Sai aka buɗe shagon nan a bakin titi, mai hoton jan zakara a allo, da fitilu da na'urar sanyi. Rupiya dubu goma sha biyar, a ba ka jan kwali: curin shinkafa, yankan kaza ɗaya, miyar barkono a 'yar leda. Bu Warsini ta sayo sau ɗaya, ta buɗe a gabanmu, ta ɓare fulawar da aka lulluɓe naman da ita ta tara gefe. Tulin fulawa ya fi naman.

"Ku duba," ta ce. "Kazar wata ɗaya ce, ko tafiya ba ta gama koya ba. An dai sa mata babbar riga."

Muka yi ta dariya. Amma gaskiya ɗaya ce, jikokina ba su da magana sai ta jan kwali. Da zafinta tana ƙaras-ƙaras a baki, ba zan yi ƙarya ba. Ta yi rabin awa a rufe kuwa, sai ta yi gumi, fulawar ta saki, ka ji mai yana kama maka ganɗa.

Pak Sugiman ya rasu da damina. A sadakar bakwai ba mu bar ta ta taɓa tukunya ba, mai sabon rashi ba ta girki. Ta sa ranta a kan arba'in. Ta je ƙauye da kanta ta zaɓo zakara da kaji goma sha biyu, ta ɗaure su a bayan gida. Ta ce mini ta yi wa mazan mutane, yanzu za ta yi wa nata.

Saura kwana uku Haryanto ya iso. Ina tsakar gidan ina tsince shinkafa lokacin da ya faɗa mata.

"Bu, na riga na yi odar kwali sittin. Gwiwarki ba za ta ɗauki wannan aiki ba. Kuma ya fi araha, har da ragi suka yi mini."

"Le," ta ce, wato yaro, "ubanka bai taɓa sa wannan abu a bakinsa ba."

"Ai ba shi zai ci ba, Bu."

Ni dai na sunkuyar da kai, don da ɗana ne da ya sha mari. A ƙarshe ta ce zakaran tsakiya dai ita za ta dafa, ya ce wannan ba matsala.

Ranar sadakar, ta tashi tun asuba. Zakara ɗaya tal, amma ta yi masa hidimar da take yi wa kaji ashirin. Da ta ɗora shi a kan ganyen ayaba ya yi ja yana sheƙi, ban taɓa ganin ta yi irinsa ba.

Masu shago suka kawo kaya da wuri, maza na fitowa daga masallaci. Suka jera kwalaye a baranda, ƙamshin mai ya cika gidan. Mai babur ɗin da ya kawo su ya miƙa wa Haryanto takarda ya ce, "A ci da zafi, Pak. Idan ta wuce rabin awa ba ruwanmu." Na ga Haryanto ya duba agogo, ya duba kwalaye, ya je ya durƙusa kusa da liman ya yi masa raɗa.

Mu mata muna bayan labule. Bu Warsini na riƙe da carbi, ta san tsarin nan fiye da liman kansa, ta ji shi sau ɗaruruwa daga bakin murhu. Aka yi Fatiha. Aka yi Ƙulhuwallahu. Sai kawai aka faɗa hailala. Ta juyo ta kalle ni.

"Yasin fa?"

Hailalar ma ba ta je ko'ina ba aka ɗaga hannu. Kafin ta kai ƙarshen carbinta an shafa, maza sun miƙe suna laluben takalma, kowa da jan kwali a hammata, ana sauri a kai wa yara kafin ta huce. Liman ya ɓalli fiffike ɗaya daga zakaran don kada a ce, sauran yana nan yadda ta ajiye shi.

Ta tare liman a ƙofa, abin da mace ba ta yi a wurinmu.

"Pak Liman, gobara aka yi a gidanka?"

"Haba, Bu. Allah ba ya duba tsawon addu'a, zuciya yake dubawa."

"Na mijin Bu Lastri awa guda kuka yi. Ina nan, ni na dafa. Nawa ne zuciyarsa ta fi gajarta?"

Ya yi murmushin yaƙe ya wuce. Haryanto ya ce ta kunyata shi a gaban mutane. Ta zauna ita kaɗai a tabarmar maza ta karanta Yasin da kanta, tana tuntuɓe a ayoyi, don ba ta yi nisa a karatu ba. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Daga ranar kowa ya gane hanya. Ba hayaƙi, ba wanke-wanke, ba roƙon maƙwabta, kuma an tashi da wuri. Aka daina aikawa gidanta. Kajin nan goma sha biyu ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Da ciwo ya kwantar da ita ta kama hannuna ta ce, "Mbak, idan tawa ta zo, ki gaya wa Haryanto kada ya sayi komai. A ba su shayi kawai. Ko mutum biyar ne suka zauna, su zauna su karanta mini duka."

Na gaya masa, Allah ne shaidata, har sau biyu.

"Shayi kawai?" ya ce. "Mutane su ce na wulaƙanta uwata?"

Ya sayi babban kwali mai yanka biyu, har da lemon kwalba. Gidan ya cika maƙil, har waje aka shimfiɗa tabarma, kowa yana yabon ɗan kirki. Ba a karanta Yasin ba. Ina bayan labule ina kuka lokacin da aka miƙo mini nawa kwalin, kuma na karɓa, don jikokina suna jira a gida.