Binciken Ɗantala Mai Kwalin Ƙwai

Ɗantala ɗan unguwarmu ne a Funtuwa, kuma tun yana goye muryarsa ke tarwatsa kaji. Da ya girma sai ya zama ɗan kamasho a tasha. In ya ce "Zariya, saura mutum ɗaya!" har na cikin kasuwa sai ya waiwayo. Shekara guda kafin korona ya sami aikin gadi a Doha.

Ni kuwa wankan jego na zo yi wa 'yata Haulat a Al Wukair kusa da Doha, cuta ta rufe hanya, na zauna, jika na biyu ya ƙara riƙe ni. Ɗantala kan zo gaishe ni, sai na ga mutum ya yi laƙwas, magana ciki-ciki. Awa goma sha biyu yake tsaye a ƙofar kanti yana ɗora wa mutane na'urar auna zafi a goshi, yana duba ko wayarsu ta nuna kore, alamar ba su da cutar. Na ce a raina, ina muryar nan ta shiga?

Ana tsakiyar ƙwallon duniya ƙanena Malam Uwais ya bugo daga gida.

"Yaya Larai, Ɗantala ya aiko neman auren 'yata Raliya, ita ma tana so. Ke ce kusa, ki yi mana bincike. Abin da kika ce shi za a yi."

Ni ba na binciken mutum a masallaci, kowa salihi ne a sahu. Ranar hutu ake sanin hali. Da ya zo gaisuwa ran Juma'a na yafa mayafi.

"Inda kake zuwa bayan la'asar, can za mu."

"Goggo, wurin akwai ƙara fa."

"Shekara talatin ina maƙwabtaka da injin markaɗe. Yalla, mu je."

Wani tsohon sito ya kai ni bayan Al Rayyan. Maza sun kai arba'in, 'yan Filifin, 'yan Indonesiya, 'yan Nepal, direbobi da masu gadi da masu wanke-wanke. Wai sunan kiɗan fank, kuma nasu mai zafin ne. Wasu uku suka fito da tukwane kife a ka, suka yi waƙar taliyar da ta daƙe a tukunya. Ganga kamar ƙanƙara a kan kwano. Kafin in gama a'uzubillahi waƙar ta ƙare, mutane na riƙe ciki don dariya.

Sai ga Ɗantala. Innalillahi! Kayan gadi a jiki, kwalin ƙwai ɗaure a ka, ƙungiyarsu wai Koren Waya. Ya buɗe baki, jijiyar wuya ta miƙe, ido ya juye.

"WA YA CI ƘWAINA!"

Nan take ƙartin nan suka hau karo da juna kamar raguna. Na ce shi ke nan, iska ta hau yaro, faɗa kuma ya kaure. Ni dai ban taɓa ganin faɗa na tsaya kallo ba. Na ɗaure mayafi a ƙugu na kutsa tsakiya da carbina.

"Kai! Ku bari! Ba ku da iyaye ne?"

Wata kafaɗa ta same ni, sai ga ni a ƙasa, takalmi ɗaya gabas ɗaya yamma. Na yi kalmar shahada ina jiran a tattake ni.

Ɗantala ya daka tsawa ɗaya, irin ta tasha. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Hannuwa sun fi goma suka ɗaga ni, wannan ya kawo kujera, wancan ruwa, wanda ya buge ni ya durƙusa yana "Mama, Mama" kamar zai yi kuka.

"Ba faɗa ba ne, Goggo, rawar ke nan," in ji Ɗantala, kwali na rawa a kansa. "Dokarmu ce, in mutum ya faɗi kowa zai tsaya sai an ɗaga shi."

"Ƙwan fa, na uban wa ne?"

Ashe lokacin kullen korona su takwas aka rufe a ɗaki guda. Wani ya cinye masa dafaffen ƙwai, ya yi ta ihu, ɗan Filifin ɗin ɗakin ya jawo bokiti ya kama masa kiɗa. Ranar suka fara dariya bayan sati shida.

"Da ba mu yi ihun nan ba, Goggo, ban san me za mu yi wa juna ba."

Ban yarda da baki ba. Kofunan wurin ɗaya bayan ɗaya na sunsuna. Shayi ne da madara.

A mota ya ce, "Goggo, na rasa Raliya ko?"

Na ƙyale shi. Wanda ya sa tsohuwa ta sha ƙasa ai ya ɗan dahu.

Washegari na kira Uwais, ƙuguna na zogi.

"Ba ya shaye-shaye, ba ya bin mata. Amma duk Juma'a yana ɗaura kwalin ƙwai a ka ya yi kururuwa."

Uwais ya ce, "Yaya, mahaukaci ne ke nan?"

"Na ga masu hankali da yawa sun tsallake wanda ya faɗi sun wuce. Wannan bai tsallake ba. Ka ba shi. Sai dai ka ja wa Raliya kunne, kada ta kuskura ta taɓa masa ƙwai."