Karen Madam Ba Ya Cin Abinci Shi Kaɗai

Wannan da zan ba ku ba gizo ba ƙoƙi a cikinsa. A nan Jidda aka yi shi, kuma da ni aka yi.

Na daɗe ina aiki a gidan wata tsohuwa 'yar ƙasar Labanan, can arewacin gari inda katangu ke da tsawo. Madam muke ce mata. Girki da shara ne aikina. Direban gidan, wani Bahaushen Sudan mai tumbi da yawan barkwanci, shi ke ɗauko ni daga unguwarmu ta Nuzla da sassafe, ya mai da ni da yamma.

Madam tana da kare. Na maigidanta ne, da ya rasu ya bar mata. 'Ya'yanta duk suna ƙasashen waje, daga ita sai karen nan a ƙaton gida. Ni kuwa ban taso inda kare ke shiga ɗaki ba. A garinmu kare na maharba ne, yana can waje. In ya doso ni sai in tattare zanena in ce, "Kai, tafi can!" Yana da wani suna na Turawa da bakina bai taɓa iyawa ba. Ni Tsoho nake ce masa, don furfura ta cika masa baki.

Wata shekara sai ya fara shan ruwa kamar raƙumi, ga yawan fitsari, yana ci yana ramewa. Aka kai shi wurin likitan dabbobi, aka dawo aka ce ciwon suga ne.

Na riƙe baki. Na ce, "Madam, har kare?"

Ta ce, "Har kare, ya Hajja."

Ciwon nan na san shi. Shi ya ɗauke mini maigidana.

Likita ya kafa doka. Abinci sau biyu a rana, safe da yamma, kullum a lokaci guda, ba gaba ba baya. Akwai wani ɗan kofi, a cika shi a shafe bakinsa, ba a yi masa tozo. Abincin kuwa daga wurin likita ake sayo shi, 'yan ƙwayoyi busassu kamar wake. A jiƙa su da ruwan ɗumi, a yayyaga tsokar kaza dafaffiya, ba fata ba mai, a sa ɗan koren wake. Ba shinkafa, ba burodi, ba dabino, ba guntun da ake jefawa daga tebur. In ya cinye, sannan a yi masa allura a fatar wuya. In bai ci ba, sai an tambayi likita, don allura a kan yunwa kayar da shi take yi. Ga zuma an ajiye kusa, ko da zai fara rawar jiki a shafa masa a dasashi.

Madam ta ɗora agogo a kan firij, in ya yi kuka lokaci ya yi. Ni ke dafa kazar in auna. Ita ke ɗaukar kwanon ta fita baranda, da nata farantin a ɗaya hannun, ta zauna tana ci tana yi masa hira. Haka suka yi ta yi, har jikinsa ya dawo, ko da yake idanunsa sun yi yana, gani ya ragu.

Ana nan, ana nan, ran nan Madam ta zame a bayi, ƙashin ƙugunta ya karye. Ana shigar da ita mota za a kai ta asibiti ta kama hannuna ta ce, "Amana, ya Hajja." Ba gidan take nufi ba, ba gwalagwalai ba. Na ce mata na karɓa.

Na dawo kwana a gidan. Direba ya koyi allura a wurin likita. Saura ci, wannan nawa ne.

Agogo ya yi kuka, na auna, na haɗa komai yadda aka saba. Na ajiye kwanon a bakin baranda, na sa sandar tsintsiya na tura masa, na koma kicin na rufe ƙofa. Tsoho ya zo ya shinshina, ya juya ya je ya kwanta a ƙofar ɗakin Madam. Da yamma ma haka. Kashegari ya ɗan lasa ya bari. Sai ruwa yake ta sha, ƙafafunsa na baya suna rawa.

Direba ya kira likita, likita ya faɗa masa ɗan abin da zai yi na allura, sannan ya ce in bai ci na yamma ba, a kawo shi a kwantar, a cikin keji, a sa masa ruwa. Da Madam ta ji a waya sai kuka. Ta ce kare makaho, bai taɓa kwana a waje ba, in an kulle shi cikin baƙi ba zai fito da rai ba.

Direba ya leƙa kwanon ya yamutsa fuska. Ya ce, "Ya Hajja, ya isa haka, bari in sayo masa burodin tamis mai zafi da soyayyar kaza. Wallahi ni ma da wannan tsakuwar ake ba ni, azumi zan ɗauka."

Na ce, "Kai da ake ba ka tamis, dubi inda ya kai ka. Tumbinka ke riga ka shiga mota."

Ya yi dariya ya ce, "Wannan baraka ce." Albarka yake nufi. Na ce ya riƙe barakarsa, burodi ba zai shiga bakin Tsoho ba.

Bayan Azahar 'yata ta kira ni daga Nuzla. Ta ce, "Inna, maƙwabta na tambaya, wai kin zama mai jinyar kare?"

Na ce, "Ki ce musu e. Kuma majinyacin ya ƙi ci."

Ta ce, "To ki yi masa irin na Baba mana, ki zauna ki lallashe shi." Wasa take yi, tana ta dariya. Ni ban yi dariya ba.

Lokacin da aka hana mahaifinta tuwo da fura mai zuma, in an kawo masa ganye da ɗan kifi sai ya juya fuska bango. A wurinmu ba a ajiye wa mara lafiya kwano a juya masa baya. Zama ake yi. Nakan shimfiɗa tabarma in sa hannu, in ci irin abin da yake ci, ba gishiri ba daɗi, in ce, "Malam, kai, yau miyar nan ta yi." Ya san ƙarya nake yi, amma sai ya matso. To wane ne zai ci abincin da aka turo masa da sanda?

Da agogon yamma ya yi kuka, na auna nasa, na zuba nawa a kwanona, kazar nan da koren waken nan. Na sa wani tsohon zane wanda ba na salla da shi. Na fita baranda na zauna a ƙasa, na ajiye kwanonsa da hannuna kusa da gwiwata. Direba yana tsaye da allura da makullin mota, yana cewa, "Yalla, mu tafi, ya Hajja, za su rufe wurin likita." Na ce ya yi mana shiru.

Na fara ci. Bakina da ya saba, sai na ji na ce, "Bismillah, Tsoho."

Ya ɗaga kunne ɗaya. Na ci gaba da ci ina yi masa magana da Hausa. Na ce masa uwar ɗakinsa tana gaishe shi. Na ce masa ni ma na san zama a gidan da mai shi ya tafi. Na ce, "Haba dattijo, babba da kai, a ce sai an roƙe ka?" Ya miƙe da ƙyar, ya biyo muryata yana laluben hanya da hanci, har numfashinsa ya taɓa hannuna. Jikina ya so ya janye. Ban janye ba.

Ya sa baki a kwanon. Ya ci kaɗan ya tsaya. Na kai loma, ya kai loma. A haka har na ji harshensa yana tura kwanon a kan tayil, ba komai a ciki.

Direba ya durƙusa ya yi masa allura, ya mai da makulli aljihu. Na wanke hannuna, na canja zane, na yi Magariba. Sannan muka kira asibiti. Madam ba ta ko yi sallama ba, ta ce, "Ya ci?" Na ce, "Mun ci."

Ta daɗe kafin a sallame ta. Ranar da ta dawo a keken guragu, Tsoho ya ɗora kansa a cinyarta ya ƙi ɗagawa. Da agogo ya yi kuka na tura ta baranda, na ajiye mata farantinta, na ajiye kwanonsa, na juya zan koma kicin. Bai taɓa abincin ba. Ya juyo da makafin idanunsa wajen da takuna yake.

Madam ta share hawaye ta ce, "Ɗauko kwanonki, ya Hajja. Ke yake jira."