Shafin da Ya Haɗiye Hotuna

A shekarar da mutanen Mubi masu gudun hijira suka cika Jimeta, ina aikin haɗa shafukan intanet a wani ɗaki da ke saman kemis a Luggere. Wata ƙungiyar sa-kai ta kawo mini hotunan yaran da suka rabu da iyayensu a hanyar gudu, ta ce in ɗora su a shafi don masu nema. Na ce aikin wuni guda ne. Ina da saurin baki.

Ban gama ba wata malamar firamare ta hawo benen tana haki. An gaya mata hotunan suna wurina. 'Yarta ƙarama take nema, tun ranar da suka tsallake kogi ba ta sake ganinta ba.

"Ɗana, yarinyana yana da tabo a goshi," ta ce, da irin Hausarmu ta nan.

Na ce mata, zauna, Mama. Na buɗe shafin, ya fito fari fat.

Ta matso da kujera tana kallon farin, wai ko jira ake yi. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga, na zagi kwamfutar, na zagi mai wutar lantarki da ba ruwansa.

Sai bayan la'asar na gano matsalar. Akwai wata alama a shafi da muke kira sikirif, tana da mabuɗi da marufi. Tawa babu komai a cikinta, wani fayil kawai take kira. Manhajar da ke juya bayanai su zama shafi kuma 'yar tsafta ce, da ta ga wurin wayam sai ta haɗe mabuɗi da marufi. Burauza, wato abin da ke nuna shafin a allo, bai san wannan gajarcewar ba. A ganinsa an buɗe ba a rufe ba, don haka ya haɗiye duk abin da ya biyo baya.

Maganin shi ne a sa wani abu a ciki, kome ƙanƙantarsa. Na sa tazara, manhajar ta share. Na sa ɗan sharhin da mai karatu ba ya gani, abin da na rubuta ba ya faɗuwa a gaban manya. Hotuna suka zubo.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, yatsanta a kan gilashin, tana tsayawa a kowane goshi. Muka kai ƙasa, 'yarta ba ta ciki. Tausayinta ya hana ni ɗago kai.

"Ɗazu da yake fari, suna ciki?"

"Suna ciki, Mama, ba a ganinsu ne kawai."

Ta gyara ɗankwalinta.

"To sake duba mini, ko akwai wanda bai fito da shi ba."

Na san babu. Na jawo kujera na fara daga layin farko.