Cediyar Kaka a Kan Marmara

Duk lokacin da ruwa ya zuba a kan dutse mai zafi, ƙamshin yakan mayar da ni bayan ɗakin kakata, a ƙauyenmu kusa da Tabla. Ka san marmara, jan dutsen nan mai ramuka kamar saƙar zuma. Kaka tana da guda bisa kifaffen turmi, cediya ta tsiro a kanta. Cediyar ta girme ni, amma ba ta wuce gwiwata ba.

Kaka ƴar bori ce. Iskan da ke hawanta yana zaune ne a babbar cediyar bakin rijiya. Shekarar da fari ya kashe itacen, ta yanko reshe mai sauran rai, ta cusa shi a ramin dutsen da ƙasar gara da ɗan taki. Da rani takan guntsi ruwa ta fesa, dutsen ya shanye ya riƙe sanyin. Da damina saiwoyi kan leƙo ta ƙasa, farare kamar zare, ita kuwa ta bi su da aska.

Na taɓa ce mata ta bar ta ta girma mu sami inuwa.

"Angona rago, inuwa kake so?" Ta yi dariya, sannan ta daina. "Ran da saiwa ta taɓa ƙasa, sauka iskan za shi yi, shi nemi wanda za shi hau. Cikin ɗiyan gidanga za shi zaɓa."

Babana mai salla ne, yakan ce itace itace ne. Da Kaka ta rasu, shi da kansa ya ɗauki dutsen a ka, ya kai gindin tsauni, ya dire a ƙasa, ya dawo bai waiwaya ba.

Yanzu ina Filinge da iyalina. Bara babbar ƴata ta fara faɗuwa a lakwal, wato makaranta, ta farfaɗo ba ta san abin da ta faɗa ba. Likita ya ce ƙarancin jini ne, ina kuwa ba ta maganin. Duk da haka na ɗauki gatari na tafi ƙauye.

Cediyar ta tsaga dutsen, ta fi ɗaki tsawo, awaki na kwance a ƙarƙashinta. Makiyayan ba su san labarinta ba, masu sani duk sun kwanta dama. Na daɗe tsaye da gatari a kafaɗa. Babu sauran wanda zan tambaya: in na sare ta, ina iskan zai koma?

Na juyo gida ko ganye ban tsinka ba.