Ganyen da ke Ƙarƙashin Bencin Baba Ilu

Fatakwal, Talata

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na tayar da mota. Ni direba ne, albasa na saba ɗauka, amma wannan karon kayan nawa Bature ne ɗan ƙasar Holan, tsoho tukuf, da sandarsa da gudumarsa. Alhaji Mudi dillalin shanu ne ya haɗa mu. Ya ce Farfesa ne, masanin duwatsu da tsirran da suka mutu suka zama dutse.

Na ce, "Alhaji, wato duk rayayyun ba su ishe shi ba?"

A hanya Farfesa ya ba ni labarinsa da tsohon Turancin burokansa. Yana saurayi ya tsinci ganye a cikin dutse kusa da ramukan kwal na Inugu, sai dutsen ya ɓace a jirgin ruwa kafin ya nuna wa kowa. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya har suka mutu. Yanzu likita ya ce gwiwoyinsa ba za su jure wata tafiya bayan wannan ba.

Bakwai da arba'in muka iso shinge kafin Owerri. Jami'i ya buɗe jaka, ya ga tsakuwa a naɗe cikin auduga.

"Oga, na gold?"

Wai ko zinare ne. Kuskurensa ke nan. Farfesa ya fito, ya sa tabarau, ya fara bayanin shekarun kowace tsakuwa. Minti ashirin da biyar cur. Daga ƙarshe jami'in ya riƙe hannuna, ya ce don Allah in kwashe ubana mu tafi.

Anacha

Sha ɗaya da rabi muka sauka a Kasuwar Relief, wajen ɗan kawuna Garba mai albasa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, kwano dubu ɗaya da ɗari biyar. Farfesa ya faɗi sunan kuka da Latin, yaji kuma ya ba shi amsa da Hausa, har da hawaye.

Muna fitowa ya tsinci dutse a bakin kwata, ya goge, ya lasa. Wai da harshe ake gane laushin ƙasa. Garba ya ja ni gefe.

"Yaya Habu, ka tabbata daga jami'a ya fito, ba daga asibiti ba?"

A shagonsa muka kwana.

Inugu, Laraba

Shida muka tashi, tara saura muka shiga gari. Da tsohuwar taswira muka hau tudun da yake nema, ni ina riƙe da shi kamar amarya. Muka tarar an kafa coci a wurin, da gidan bulo, an malale ko'ina da siminti. Farfesa ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Nan kam dariya ta ƙi zuwa mini.

Da azahar na kai shi Asata, gidan Baba Ilu, dattijon mahauta. Muka tarar da shi kan benci da abokansa uku. Muna cikin gaisuwa sandar Farfesa ta faɗi, ya sunkuya, sai muka ji ihu. Na zaci maciji ne.

Ashe wani baƙin falalen dutse ne da aka tokare gajeriyar ƙafar bencin da shi. A jikinsa ga ganye kwance, da jijiyoyinsa, kamar jiya ya faɗo.

Baba Ilu ya ce, "Wani ma'aikacin kwal ya ba ni, tun ban yi aure ba. Habu, me yake cewa?"

"Baba, wai ganyen ya yi shekara miliyoyi."

"Wa ya ƙirga?"

"Wai ku tashi ya gani."

"In ya ɗauke, da me zan zauna? Tambaye shi."

Dattawa huɗu suka ƙi motsi, Farfesa yana durƙushe a gabansu kan gwiwoyin da likita ya hana. Can ya zaro gudumarsa, wadda ya ce ta fi 'yarsa shekaru, ya miƙa. Aka ɗaga benci, aka zare dutse, aka cusa kan guduma. Baba Ilu ya zauna, ya jijjiga dama, ya jijjiga hagu.

"Ta ma fi dutsen. Ya tafi da ganyensa."

Farfesa ya rungume dutsen yana kuka, ba yaji a kusa. Bai fita da shi daga ƙasar ba. Ya auna, ya ɗauki hoto, ya miƙa wa wata jami'a a garin. A takardar da ake rubuta inda aka samo abu, da idona na ga ya rubuta: ƙarƙashin bencin Baba Ilu, Asata.

Fatakwal, Alhamis

Takwas muka baro Inugu ta hanyar Aba, biyu da rabi na sauke shi a masaukinsa. Ya yi barci tun daga Umuahia, yana munshari da harshen Holan.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Garba da tuwonsa, da Alhaji Mudi da ya haɗa ni da wannan kaya. Godiya ta musamman ga Baba Ilu, wanda ya shekara hamsin yana gadin ilimi da mazaunansa bai sani ba.