Garin Gero a Hannun Riga

A rumfar mai injin niƙa a kasuwar Illo nake kallonsa: dattijo siriri, tabarau ɗaure da zare, biro biyu a aljihu. Yana jiran a niƙa masa gero. Riskuwa mai injin ya cika gaggawa, ya juye kwano guda gaba ɗaya. Injin ya shaƙe, ya feso gari kan jama'a.

Kowa na kakkaɓe jiki, dattijon kuwa murmushi yake yi.

"Riskuwa, hakanan baƙin rami ka yi can cikin sararin sama. Har tauraro shina haɗiyewa. Amma in ci ya yi mishi yawa, sai shi huro iskar gas waje da ƙarfi."

"To, Malam," in ji Riskuwa, bai ko ɗago ba.

Ina jin tsohon malamin kimiyya ne, ɗalibansa sun watsu daga Bagudo har Kwatano. Da yatsa yake zana da'ira a kan bencin da gari ya lulluɓe, da kibau biyu suna fita. Ya waiwaya, yana jiran wani ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

Garin ya kwanta fari a hannun rigarsa kamar ƙurar alli. Bai kakkaɓe ba.