Zaren Kaset a Gonar Gero

Wata Asabar ce, a kakar shekarar da na shiga aji biyar, na kai wa Baba fura gonarmu ta Lakwaya, na tarar da wani baƙin zare yana ƙyalli a saman gero. An ja shi daga wannan kara zuwa wancan, iska tana kaɗa shi yana ƙugi, tsuntsaye suna watsewa. A kan kunya kuwa ga kaset ɗina a fashe. Na dire kwanon furar na ɓarke da kuka.

Kawu Sale ne ya ba ni kaset ɗin. Direba ne tsakanin Gwarzo da Kabo, ya sayi tsohuwar mota 'yar Beljiyam ya tsince shi a cikin rediyonta. Da ya kunna wa fasinjoji, wata tsohuwa ta ce, "Direba, wa ya mutu?" Shi ke nan ya wurgo mini. A kwalinsa akwai hoton wani Bature mai hargitsattsen gashi, ya haɗe rai kamar wanda awaki suka shigar wa gona. Kiɗan fiyano ne zalla, ba ganga ba waƙa. Kiɗan farko kowa ya san shi, shi agogon bangon kakarmu yake yi in awa ta cika. Amma in an juya kaset ɗin akwai wani da ba wanda ya taɓa ji: ya taho a hankali, ya tsaya kamar ya ɓata hanya, sannan ya ɓalle da gudu. Shi ya kama ni. Da na gama ɗebo ruwa da yanko wa tumaki ciyawa, sai in saci rediyon Baba in laɓe bayan rumbu. Ranƙwashin da na sha saboda batir, Allah kaɗai ya sani. Inna kan ce, "Kai dai Bala ka ga ta kanka, mutum ya zauna yana sauraron ƙwanƙwasar katako!"

Ranar Asabar ɗin nan Baba, wanda shi ya fasa kaset ɗin ya ja zarensa don korar tsuntsaye, ko haƙuri bai ba ni ba. "Kiɗa za ka ci da rani?" in ji shi. "Yau ne ma ya yi amfani." Bayan girbi na bi karare na tsinto zaren, na liƙa, na naɗe shi da biro. Ina! Rana ta riga ta cinye shi, sai shuuu kawai.

Sai da na girma na san sunan Baturen nan, na kuma san cewa duniya ta san shi, kuma kiɗe-kiɗensa na fiyano ba su ƙirguwa. Yanzu duk suna cikin wayata, ba mai yi mini faɗan batir. Na bi manyan, na gangara kan ƙananan da ba a cika kulawa da su ba, wasu har sun sa na tsaya cak a bakin titi. Amma nawa shiru. Wallahi abin yana ci mini rai. Rannan na rera wa 'yata Hauwa ko za ta taya ni nema, ta yi dariya ta ce, "Baba, ai jiya ba haka ka yi shi ba."

Geron nan mun cinye shi kafin damina ta faɗi, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa wataƙila tuni na ji kiɗan nawa na wuce, ban gane shi ba.